Alhakin Kamfanoni ga Al'umma: Alheri Ne ko Wajibi? Sharhi daga Mahangar Gaya da Ajingi

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi Gaya zai ga sawun manyan kamfanoni ko'ina, ko da yake babu ɗayansu da ya kafa hedikwata a yankin. Ga dogayen ƙarafunan sabis na kamfanonin waya a bayan gari, ga masu POS a bakin kasuwa suna tura kuɗi ta bankuna, ga buhunan siminti da sukari da takin zamani jibge a shaguna, ga kuma motoci suna lodin hatsi daga kasuwanni irin ta Kademi. Kowace safiya kuɗin mutumin Gaya da na Ajingi yana shiga asusun wani kamfani da ke Legas ko Abuja ko birnin Kano. Shi ya sa idan rijiyar burtsatse ta lalace, ko iska ta yaye rufin ajin firamare, akan ji tambaya ɗaya a majalisun hira: su waɗannan kamfanoni da ke cin kasuwarmu, me suka taɓa yi mana?

Wannan tambaya ce ta haifi muhawarar ko ya kamata doka ta tilasta wa kamfanoni yi wa al'umma hidima. Wasu na ganin abin da ba a wajabta ba, ba a yin sa sai an ga dama. Wasu kuma na cewa alherin da aka tilasta ya tashi daga alheri ya koma haraji. Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka sai an fara tsefe su kafin a iya yanke hukunci.

Ma'anar kalmomin

Kamfani, a idon doka, kasuwanci ne da aka yi wa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ya zama yana da suna da dukiya da alhaki nasa na kansa, dabam da na mutanen da suka mallake shi. Yana iya kai ƙara, ana kuma iya kai shi. Masu hannun jari su ne waɗanda suka zuba kuɗinsu a cikinsa suna jiran riba. Masu ruwa da tsaki kuwa sun fi haka yawa: ma'aikata, masu sayen kaya, manoman da ke sayar masa da amfanin gona, da mazauna wurin da yake aiki. Su waɗannan na ƙarshe ake kira al'umma mai masaukin baƙi.

Abin da 'yan boko ke taƙaitawa da haruffan CSR shi ne alhakin da ke wuyan kamfani game da al'umma da muhalli, bayan neman riba. A bakin jama'a, wannan suna ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko shi ne kauce wa ɓarna da gyara ta idan ta auku: kada masana'anta ta zuba guba a kogi, kada ta danne haƙƙin lebura, idan kuma ta karɓi gonar wani ta biya diyya. Na biyu shi ne kuɗaɗen da doka ta ɗora wa kamfani domin amfanin jama'a, wato haraji da makamantansa. Na uku shi ne kyautatawa ta ganin dama, kamar haƙa rijiya, gina aji, ɗaukar nauyin ɗalibai ko rabon abinci da azumi.

Na farko bashi ne. Na biyu wajibi ne tun tuni. A kan na uku ne gardamar take: shin a yanke wani kaso na riba a ce dole kowane kamfani ya kashe shi a kan al'umma?

Yana da kyau a bambanta wannan da zakka, domin akan haɗa su. Zakka ibada ce da ke kan dukiyar Musulmi idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, kashi 2.5 cikin 100 a kayan ciniki, kuma shari'a ta fayyace waɗanda za a ba. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Alhakin kamfani kuwa ya hau kan kowane kamfani, ko na Musulmi ne ko na wanda ba Musulmi ba, ko na ɗan ƙasa ko na baƙo. Sai dai akwai inda suka yi kama: a addini ma an raba tsakanin zakka ta wajibi, da sadaka ta ganin dama, da biyan diyyar abin da mutum ya ɓata, kuma ba a yarda ɗaya ta tsaya a madadin ɗaya ba.

Asalin muhawarar

Kyautata wa jama'a daga dukiyar kasuwanci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Attajirin da ya amsa sunansa shi ne mai ciyarwa, mai gina masallaci da makaranta, mai ba yaransa jari. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya shahara da wannan, kuma zuriyarsa ta ɗore a kai. Amma attajirin da yana zaune ne a cikin mutane, ana gaisawa da shi a masallaci, kunya da mutunci suna yi masa linzami. Kamfanin zamani ba shi da fuskar da za a ji kunyarta. Masu shi suna iya zama dubbai, a warwatse cikin ƙasashe, ba su taɓa jin sunan garuruwan yankin nan irin su Toranke ko Shagogo ba.

A Amurka, masanin tattalin arziki Howard Bowen ya wallafa littafi a 1953 kan nauyin al'umma da ke kan 'yan kasuwa, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni. A 1970 wani masanin, Milton Friedman, ya fito da ra'ayi kishiya a jaridar New York Times: aikin kamfani shi ne ƙara riba cikin bin doka, kuma manajan da ya ɗebi kuɗin kamfani ya yi kyauta da su yana kyauta ne da dukiyar da ba tasa ba. Har yau a tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu ake kai-kawo.

A Najeriya, wahala ce ta ɗaga maganar. Malalar mai da ƙona iskar gas a yankin Neja Delta sun haifar da gwagwarmayar al'ummar Ogoni, wadda ta kai ga rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Kano ma tana da nata tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi sanadi, amma bayan doguwar shari'a ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Shekara 13 ke nan tsakanin abin da ya faru da sasantawar, kuma zuwa kotu ne ya kai ga hakan.

Abin da doka ta riga ta wajabta

Mutane da yawa na zaton kamfanoni a Najeriya ba su da wani wajibi ga al'umma sai abin da suka ga dama. Lamarin ba haka yake ba. Bayan harajin kamfanoni, wanda ya kai kashi 30 cikin 100 na riba ga manyansu, an kafa harajin ilimi a 1993 sakamakon fafutukar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a zamanin shugabancin Attahiru Jega. Ya fara da kashi 2 cikin 100, ya hau zuwa 2.5, sannan ya kai 3 a 2023. Da wannan kuɗi ne asusun TETFund ya riƙa gina ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje a manyan makarantun gwamnati, ciki har da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ita ce mafi kusa da ɗaliban Gaya da Ajingi. Dokar hukumar NITDA ta 2007 ta ɗora kashi 1 cikin 100 a kan ribar bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta dunƙule irin waɗannan kuɗaɗe wuri guda, ta mayar da su harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100.

Akwai kuma dokokin da suka shafi masu masaukin baƙi kai tsaye. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana mai lasisin haƙar ma'adinai fara aiki sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Dokar masana'antar man fetur da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun amana na al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Gyaran da aka yi wa dokar wutar lantarki a 2024 ya ɗora wa kamfanonin samar da wuta kashi 5 cikin 100 a kan wannan tsari.

Ta fuskar muhalli, tun 1992 doka ta ce sai an auna tasirin kowane babban aiki a kan muhalli kafin a fara shi, kuma an kafa hukumar NESREA a 2007 don sa ido. Dokar kamfanoni ta 2020 ta umarci daraktoci su riƙa la'akari da tasirin ayyukan kamfaninsu a kan muhallin al'ummar da yake kasuwanci a cikinta.

Abin da babu shi ne doka guda da ta hau kan dukkan kamfanoni ta ce ga kason riba da za a kashe wa al'umma. Marigayi Sanata Uche Chukwumerije ya gabatar da ƙudiri mai wannan manufa a ƙarshen shekarun 2000, yana neman kashi 3.5 cikin 100 na riba tare da kafa hukuma ta musamman, amma bai zama doka ba. Tun daga nan maganar takan sake tasowa a Majalisar Tarayya lokaci zuwa lokaci.

Inda Gaya da Ajingi suka tsaya

Tarihin baka ya danganta kafuwar Kano da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suka sauka a Dala suna neman tama. Amma masana'antun zamani sun tare ne a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Gaya mai mutum sama da dubu 200 da Ajingi mai sama da dubu 170, bisa ƙidayar 2006, ƙasar noma da kiwo ce: gero, dawa, wake, gyaɗa, da noman rani a inda ruwa ya samu. Babu rijiyar mai, babu tashar samar da wuta. Ke nan dokokin masu masaukin baƙi da aka ambata kusan duk sun tsallake yankin.

Duk da haka, alaƙar yankin da kamfanoni tana nan ta hanyoyi huɗu. Shi kasuwa ne, domin mutanensa suna sayen katin waya da siminti da taki da maganin feshi. Shi rumbu ne, domin amfanin gonarsa da dabbobinsa suna ƙarewa a masana'antun sarrafa abinci da na jima. Shi mai ba da fili ne ga turakun sadarwa da gidajen mai da masu kwasar yashi, kuma gobe yana iya zama mai ba da fili ga manyan gonakin kamfanoni. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ruwa. Kogin Chalawa, wanda ya daɗe yana karɓar dagwalon masana'antun jima da na saƙa daga Chalawa da Sharaɗa, yana haɗuwa da Kogin Kano, ya ratsa Wudil, ya bi ta ɓangaren Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. Mai noman rani ko masuncin da ke bakin wannan kogi bai taɓa ganin ƙofar masana'antar ba, sunansa ba ya cikin masu masaukinta, amma abin da aka zubar can yana iya iske shi a gonarsa.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ɗan yankin ya riƙa auna kowace doka da shi: shin ta san da wanda ke ƙasan kogi, ko kuwa wanda ke bakin katanga kaɗai ta sani?

Hujjojin masu son a wajabta

Hujjarsu ta farko ita ce adalci. Kamfani yana amfani da hanyar da jama'a suka biya, da ma'aikatan da makarantun gwamnati suka koyar, da zaman lafiyar da al'umma ta tsare. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Ta biyu ita ce rashin tabbas. Akwai kamfanonin da ke yi ba tare da tilas ba. MTN yana ware har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan haraji ga gidauniyarsa. Gidauniyar Ɗangote ta gina makarantar nazarin kasuwanci a Jami'ar Bayero da ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, shi kuma Abdul Samad Rabi'u na BUA ya kafa shirin ASR Africa a 2021. Waɗannan ayyuka ne na a yaba. Amma kyauta tana bin zaɓin mai ita, kuma ba wanda zai iya kai ƙara don an tsallake garinsa. Ƙaramar hukuma ba za ta iya tsara makomar asibitinta a kan abin da ba ta san ko zai zo ba.

Ta uku ita ce daidaito a kasuwa. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya tace dagwalonsa yana gasa da wanda ya buɗe bututu cikin dare, kuma kayan na biyun sun fi araha. Idan doka ta hau kan kowa, mai gaskiya ba zai zama shi ne mai asara ba. Ta huɗu kuwa ita ce hana ado da sunan alheri, inda ake raba buhu ɗari a gaban kyamara, a kashe ninkin kuɗinsu wajen tallata rabon.

Hujjojin masu adawa

Masu adawa, musamman masu masana'antu, sukan fara da lissafi. Sun ce haraji da kuɗaɗen hukumomi sun riga sun yi yawa, ga tsadar dizal saboda ƙarancin wuta, ga tsadar kuɗin waje. Duk wanda ya san yadda masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe ya san kamfanin da ya rufe ba ya biyan albashi balle ya haƙa rijiya. Ƙarin nauyi, in ji su, ko dai ya koma kan farashin kaya, talaka ya biya, ko ya kori masu zuba jari.

Hujja ta biyu ta fi zurfi. Gina makaranta da asibiti da hanya aikin gwamnati ne, domin ita ke karɓar haraji kuma ita jama'a ke zaɓa. Idan aka saba da kallon kamfani a matsayin mai kawo ruwa, za a daina tambayar shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa ina kuɗin ruwan. Wannan magana ta ƙara nauyi bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya.

Ta uku ita ce tsoron inda kuɗin za su bi. Hukumar raya Neja Delta, NDDC, tana karɓar kaso daga kamfanonin mai tun kafa ta a 2000, amma yawan ayyukan da aka yi watsi da su ya sa gwamnatin tarayya ta ba da umarnin binciken ƙwaƙwaf a kanta a 2019. A 2020 kuma, ƙawancen kamfanoni na CACOVID ya tara tallafin abinci na lokacin korona, sai ga shi a watan Oktoba jama'a sun fasa rumbuna a jihohi da dama sun tarar da kayan a jibge ba a raba ba. Tara kuɗi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da isar da su ga mai buƙata.

Darasi daga wasu ƙasashe

Indiya ce babban misali. Sashe na 135 na dokar kamfanoninta ta 2013, wanda ya fara aiki a Afrilun 2014, ya wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku a kan ayyukan al'umma. Dokar ta hau ne kan kamfanin da ribarsa ta kai rufi miliyan 50 a shekara, ko cinikinsa ya kai rufi biliyan 10, ko dukiyarsa ta kai rufi biliyan 5. Ƙananan 'yan kasuwa ba sa ciki. Kuɗin da ake kashewa sun ƙaru ƙwarai, musamman a ilimi da lafiya. Amma dokar ta ce a fifita yankin da kamfani ke aiki, sai kaso mafi tsoka ya tafi jihohi masu masana'antu irin su Maharashtra da Gujarat da Karnataka, jihohi matalauta irin su Bihar suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Idan aka kwafo wannan tsari yadda yake zuwa Najeriya, ba sai an yi duba ba kafin a san inda kuɗin za su sauka: Legas, Ogun, Ribas, Abuja, sai ɗan abin da zai faɗo birnin Kano. Garuruwan yankin nan irin su Balare da Gamarya za su ci gaba da jira.

Tsibirin Morishiyus ya wajabta kashi 2 cikin 100 tun 2009, amma daga baya gwamnati ta ce a riƙa miƙa mafi yawan kuɗin ga hukumar tara haraji, abin da ya gaskata masu cewa alherin dole yakan rikiɗe ya zama haraji. Turai kuwa wata hanya ta bi. Bayan rushewar ginin masana'antun ɗinkin tufafi na Rana Plaza a Bangaladash a 2013, inda mutum sama da 1,100 suka mutu, Faransa ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa manyan kamfanoni bin diddigin cutarwa ga mutane da muhalli a duk inda kayansu suka fito, Tarayyar Turai ma ta amince da makamanciyarta a 2024. A can, abin da aka tilasta shi ne hana ɓarna da bayyana gaskiya, aka bar kyauta ga mai niyya.

Abin da zai iya biyo baya

Idan Najeriya ta yanke kaso a kan riba, akwai yiwuwar kuɗin ayyukan al'umma su ƙaru, kuma jama'a su sami abin riƙewa wajen tuhuma. Amma akwai illolin da ya kamata a hango. Riba aba ce da akawu ke iya rage ta a takarda, ita kuwa dokar man fetur ta ɗora kasonta ne a kan kuɗin gudanarwa. Ƙungiyoyin bogi za su iya tsirowa don karɓar kuɗin. Rikici kan wane ne ainihin mai masauki zai iya raba kan garuruwan da ke zaune lafiya. Kamfanin da ke ba da fiye da abin da aka yanke kuma yana iya saukowa ya tsaya a kan iyakar doka.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar yankunan noma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gona, diyyar da ake biya ta amfanin da ke kanta ce da gine-gine, ban da darajar ƙasar kanta. Manomin da aka karɓi gonar gadonsa aka gina wa ƙauyensu aji biyu da sunan kyautatawa, an ba shi sadaka ne a inda yake bin bashi. Duk dokar da ta bar ƙofar musanya haƙƙi da kyauta a buɗe za ta cutar da irin wannan manomi, komai girman kason da ta yanke.

Idan kuma aka bar komai yadda yake, alheri zai ci gaba da bin hanyar kwalta da idon 'yan jarida, yankunan karkara su dogara da ko suna da ɗa a babban matsayi.

Inda maslaha take

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga kowanne yana da gaskiya a wani sashe na maganar. Abin da ya dace doka ta riƙe da ƙarfi shi ne sashen da ke da mai haƙƙi. Hana ɓarna da biyan diyya ba su buƙatar sabuwar muhawara, aiwatarwa suke buƙata: a ba NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano kayan aiki da ma'aikata, a riƙa auna ruwan kogi a Wudil da Ajingi a kai a kai ana bayyana sakamakon. Tsarin rubutacciyar yarjejeniya da ke cikin dokar ma'adinai ya cancanci a faɗaɗa shi zuwa duk kamfanin da zai karɓi fili mai yawa ko ya ɗebi ruwa ko yashi, a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, a sa mata wa'adi da hukuncin saɓawa. Sannan a wajabta wa manyan kamfanoni bayyana abin da suka kashe wa al'umma duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, domin a ga inda aka yi da inda aka tsallake. Gani ya kori ji.

Game da yanke kaso kuwa, idan Majalisa ta zaɓi wannan hanya, sharuɗɗa uku ne za su sa ta amfani yanki irin wannan: a keɓe ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa, a lissafa shi tare da harajin raya ƙasa don kada a ɗora kaya kan kaya, kuma a faɗaɗa ma'anar mai masauki ta haɗa da inda ake sayo amfanin gona, da inda ake sayar da kaya, da inda dagwalo ke gangarawa.

Mutanen yankin ma suna da aikin da ba sai sun jira Abuja ba. Masarautar Gaya, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tare da majalisun ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari, za su iya buɗe kundin kamfanonin da ke aiki a ƙasarsu, da alkawuran da kowanne ya ɗauka, da abin da ya cika. Za su iya tsayawa kan cewa ba dagaci ko mai unguwar da zai sa hannu a kan fili shi kaɗai a ɗaki. Idan kamfani ya zo da kyauta, a karɓa da godiya, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Idan kuwa gona ya karɓa ko ruwa ya gurɓata, a nemi takarda da shaidu, a kuma san hanyar kotu, domin wannan ba kyauta ake roƙo ba, haƙƙi ake bi.